Kofi na Uku

A fadarmu ta Garin Malam, bayan rumfar mai faci,
benci biyu ne, da gawayi, da butar da gindinta ya ƙone.
Shekara huɗu ina shan kofi na uku,
wanda ganyen ya gaji, sukari kaɗai ke magana.

Ni da Mutari lakkwal ɗaya muka yi,
ni ke rubuta masa lissafi a tafin hannu.
Ran da matatar mai ta nemi ma'aikata
kabu-kabu ɗaya ya kai mu,
takarduna cikin leda don kada gumi ya taɓa.
Nasa ko hatimi bai cika ba.
Amma ƙanwar uwarsa na aure a Birni,
gidan da direban darakta ke cin tuwon dare.

Yanzu in Mutari ya iso, benci kan matsa da kansa.
Kofin farko, mai kumfa, nasa ne.
Na kama bakina yana dariya
tun bai kai ƙarshen zance ba,
na kama hannuna yana share masa sirdin babur.
Ni dai ban aike su ba.

Tawa hanyar ba ta bi ta ofis ba.
Inna Cima, mai adashi da uwata tun ina goye,
ta tsaya tayin tattasai a kasuwar Dole,
ta ce wa Kiyari mai kantin siminti:
"Akwai yaron Barira, ba ya ɗauke-ɗauke."
Kalma shida.
Abin da na yi shekara goma sha uku ina tarawa
bai kai nauyinsu ba.
Kiyari ya ce, "Jikan wa?"
Ya miƙo makulli.

Jiya wani yaro ya zo kanti
daga Kara-Kara, takarda a leda.
Ya yi kuɗin buhu arba'in da ka
kafin in lalubo biro.
Kuma muna neman yaro.
Na buɗe baki in ce ya dawo gobe,
sai na ji abin da ya fito:
"Wa ya turo ka?"

Ya dubi duwatsun bayan gari
kamar ɗayansu zai taso ya tsaya masa.
Ya ce, "Ba kowa."

Da dare aka miƙo mini kofi na biyu.
Na riƙe shi har ya huce.