Kalma Ɗari

Takardar ta ce: ku faɗi damuwarku cikin kalma ɗari.
Na ajiye biro, na leƙa waje.
Ruwan Yuli na tsaye a layinmu kamar mai bin bashi,
danfo kuwa yana can bakin titin Ojo,
yana kallonmu daga nesa.
Bai taɓa shigowa ba.

Da wa zan fara?
Da Lantana, da naƙuda ta kama ƙarfe biyun dare,
muka ɗora ta a baron Gambo mai albasa,
ni da tocila, shi da salati,
yaron ya iso duniya a gaban shagon faci?
Sunan yanka Zubairu,
amma har gobe Ɗanbaro ake kiransa.
Wannan kaɗai ya cinye kalma sittin.

Tun da aka hana acaɓa
ƙafa ce motarmu, kai ne but.

Mu tara ne a kwamiti, bakinmu huɗu,
a rumfar Lasisi, kan tsofaffin tayoyi.
Iya Sikira ta zo da lissafin tumatir
da ya ruɓe mata a ka.
Obinna ya aro kwamfutar ƙanwarsa,
wadda ba ta tashi sai an lallashe ta.

Suka ce sai rajista. Muka yi karo-karo.
Suka ce sai asusu mai sa hannun mutum uku.
Suka ce sai taswira,
mu da ba ma cikin taswirar kowa.
'Yan aji shida suka zana mu a bayan kalanda:
ga masallaci, ga coci, ga famfo,
ga ramin da ya haɗiye takalmin liman.

Wata takwas shiru.
Aka fara cewa sakatare ya yi ƙiba.
Ni ne sakataren.
Na daina bi ta teburin mai shayi.

Ran da kuɗin suka faɗo, Lasisi ya yi rawa da sifana.
Bas muka roƙa,
amma kafin su iso naira ta rame,
farashin bas ya haye gada ya bar mu.
Abin da ya samu: keke biyu, na hannu,
da katako talatin na tsallake kwata.
Gambo ya ce da babu gara ba daɗi,
bai dai yi dariya ba.

Sai gardama. Maza na son bakin kasuwa, can ne ciniki.
Iya Sikira ta nemi tebur ta buga, babu,
sai ta buga taya:
sawun farko ƙarfe huɗu da rabi, na masu kwando,
na biyu na 'yan makaranta,
ku ku ci saura.
Aka kaɗa ƙuri'a da murfin kwalba.
Ta ci, biyar da huɗu.
Ba zan faɗi inda nawa ya faɗa ba.

Masu tallafi sun zo wata Talata da fararen takalma.
Suka ɗauki keke hoto ta inda fenti bai fita ba.
Wata ta tambaye ni: mutum nawa suka amfana?
Na buɗe littafi:
mai, tikitin 'yan tasha, juyen baƙin mai,
giyan da ya fara kuka tun sati na uku.
Na ba ta lamba. Ta rubuta, ta gode.

Abin da ban ba ta ba, don fom bai bar masa gurbi ba:
bayan isha'i keke ɗaya ba ya aiki.
Yana kwana da cikakken tanki
a ƙofar Asabe ungozoma,
makulli na rataye a ƙusa,
inda ko yaro ya yi ɗage zai kai.

Jiya da dare na ji ƙararsa ya fita.
Na juya, na gyara matashi.
Gambo ya ce shi ko farkawa bai yi ba.