Allurar da Ba Zare

Shekara arba'in ina bisa keken ɗinki a Rafindadi,
na san hujin allura ko a duhun magariba.
Shi ya sa da na juya gwaibar nan a tafin hannu,
na ga ɗigo baƙi a kumatunta,
na ce wani tela ya riga ni aiki.

Na latsa, wurin ya lotsa.
Na tsaga da farce.
Ga su farare, suna mimmiƙewa
kamar 'yan haya da suka biya kuɗin shekara.

Jikata Barira ta tofar da tata,
ta ce, "Kaka, sammu ne?"
Na ce, "Zo gindin bishiyar da hantsi, ki kama bakinki."

Sai ga macen ƙudan.
Ba irin na kwata ba, mai naci a bakin kwano.
Siririya ce, da ɗamara rawaya, fiffike kamar gilashi.
Ta sauka, ta zaga, ta auna kamar mai gwada wuyan riga,
ta soka, ta tashi.
Ba zare, ba ƙulli,
ƙwai kawai ta bari a ƙarƙashin fata.

Tun ranar, in na dawo sallar asuba,
tsince na ƙasa nake kafin koko,
don tsutsar da ta shiga turɓaya da fiffike take fitowa.
Baƙar leda, ƙulli biyu, bisa rufin kwano:
ranar Katsina ta ƙarasa shari'ar.

Barira ta huda gora da ƙusa mai zafi,
ruwan sukari, ɗan yis, ɓawon ayaba,
muka rataye a reshen da ke inuwa.
Kwana uku ta ƙirga sha tara.
Ƙuda dai, wajen kwaɗayi akan mutu.

Ni kuwa na zazzage buhun ƙyallaye,
ragowar shadda, gefen atamfa,
na ɗinka wa kowace gwaiba jaka da zariya
tun tana kamar ƙwan zabo.

Malam Ilu ya leƙo ta katanga yana dariya:
"Yau kuma bishiya aka yi wa kayan Sallah?"
Bayansa mangwaronsa ne zube, yana tsami.
Ban ce komai ba, ƙuda bai san katanga ba.

Da yamma na aiki Barira gidansa
da gora hudajjiya, da leda,
da gwaiba uku, lafiyayyu har ciki.