Matakala Ɗari da Tamanin

Daren Talata, mu bakwai a ɗakin bayan majami'a,
rufi na ɗiga cikin bokiti, biro na hannuna.
Can ƙasa Valparaíso ta kunna fitilunta,
jirage na gyangyaɗi a bakin teku.

Fasto Eleuterio ya ƙirga kujeru:
sittin. Masu ɗumin jikin mutum, sha tara.
Ya ce, "Yaya za a yi unguwar nan ta san muna da rai?"

Ulises ya ce lasifika, a ɗaura ta kan motar ƙanensa.
Griselda ta ce ƙyalle, daga wannan baranda zuwa waccan.
Aka ja kan launin rubutu har shayi ya huce,
kurciya za a zana ko kwalekwale,
ni ina ta rubutu, ɗiban ruwa da kwando.

Takarda dubu biyu muka buga.
Kuɗin gyaran rufi ne.
Kowa ya sani, ba wanda ya tanka.

Ran Asabar muka bazu cikin lunguna.
Iskar teku ta ɗebi rabonta ba godiya.
Da yamma na gangara kasuwar masunta,
na iske sunan cocinmu naɗe da kan kifi,
"Ƙofarmu a buɗe take" ya jiƙe sharkaf da ƙarni.

Lahadi: sha tara,
sai kyanwar maƙwabta.

Talatar da ta biyo, Doña Rufina,
wadda ba ta taɓa sa baki ba sai dai saƙa,
ta ajiye zarenta.
"Daga titi zuwa ƙofar Hermógenes
matakala ɗari da tamanin ne.
Tun da ƙafarsa ta ƙi shi,
wa ke hawar masa da tukunyar gas?
Ya ga takardarku. Ya ce ta yi kyau.
Ya toshe ɓulin taga da ita."

Bokiti kaɗai ya amsa mata.

Na juya shafi. Ba take, ba launi,
sunaye kawai take faɗa ina bi:
mai jiran magani, mai jego a bene na uku,
wadda ɗanta ya tafi teku bai aiko ba.

Yanzu kafaɗar Ulises ta yi kanta.
Fasto na hutawa sau huɗu kafin ya kai sama,
numfashi ya hana shi wa'azi,
sai sannu, sai ina za a ajiye.

Hermógenes bai zo coci ba, ya ce ba zai zo ba.
Amma duk Alhamis yana dafa ruwan zafi,
ya jera kofi biyar,
ya tanadi gardamarsa kan Allah tun daren jiya.

Lasifikar na nan ƙarƙashin tebur.
Kujeru ashirin da biyu makon jiya,
ban rubuta dalili ba, ban san shi ba.
Rufin dai har yau yana ɗiga.