Rawanin da Ba a Gani

Shekara talatin ina sunkuye kan jar fata
a rumfata ta Zengo, basilla a hannu.
Da la'asar yake zuwa, ba sallama,
ya naɗa mini rawanin da ba a gani,
ya ja ta ƙeya, ya ɗaure tam.

Na sha ƙwayar mai tebur har ya daina ƙirga mini.
Wanzami ya kafa ƙaho.
Tsahara ta shafa man zafi
har matashina ya koyi yaji.
Rawani dai na nan.

A asibiti, ɗakin ƙarshen baranda,
na tarar da Mutari, sa'an ɗana na biyu.
Ba allura, ba kwalba,
gado ɗaya siriri da hannuwa biyu.
Na ce, "Yaro, kai ne ke ciwo."
Ya ce, "Baba, a kai yake kuka,
amma a dokin wuya yake kwana."

Ya tallabi ƙeyata kamar mai ɗaukar ƙwarya cike da nono.
Babban yatsansa ya bi jijiya a hankali,
ya tsaya kan wani ƙulli
mai taurin ƙwallon dabino.
Ya danna.
Zafin ya ratsa har bayan idona na hagu.
"Nan ne?"
Nan ne, wallahi. Nan ya ɓuya.

Bai yi gaggawa ba.
Ya danna, ya jira, ya ce in saki numfashi,
ya karkata kaina wajen kafaɗa,
ya sake jira.
Sai na gane aikin:
busasshiyar fata ba a yi mata ƙarfi,
murza ta ake, har ta yarda.
Ni baduku, yau ni ne fatar.

Ya ce in sa bulo biyu ƙarƙashin tebur,
in riƙa jan haɓa baya kamar kunkuru mai shawara,
in miƙe duk na gama jaka ɗaya.
Yaran rumfa suna dariya. Su yi.

Ban ce ya tafi ba.
Ran Alhamis, in kasuwar Dole ta cika,
aiki ya taru, yakan leƙo.
Amma ya sassauta naɗi.

Jiya na waiga dama, wuya bai hana ba,
na ga ƙofar Lawali maƙwabcina shuɗiya ce.
Na ce, "Yaushe ka yi fenti?"
Ya ce, "Bara waccan."