Harafi Mai Rusunawa

A Shomolu, layin da injuna ba sa barci,
inda tawada ta rina har ruwan kwata,
na kai wa Baba Alani aikin katin suna.
Ya juyo min kwamfuta, ya ce in zaɓa.

Haruffa sun ja sahu kamar kuratan soja,
masu kauri, masu faɗin ƙirji,
irin waɗanda ake rubuta "Hattara" da su a jikin tankar mai.
Can ƙasa sai ga wani siriri,
ya ɗan karkata dama,
kamar saurayi zai gaida suruki,
kamar mu 'yan danfo in direba ya sha kwana a Oshodi.

Kowane harafi da ɗan takalminsa,
ga jela ta lanƙwashe, ga wuya kamar na balbela.
Alƙalami ne kakansa, an gani a tafiyarsa:
nan ya danna, nan ya sassauta.

Baba ya ce, "Wannan ba na allon kan titi ba ne.
Sa shi a gadar Eko, ba mai ganinsa.
Na kwalbar turare ne, na katin gayyata,
na sunan mamaci a ƙasan hotonsa,
na kalmar da marubuci ke so a faɗa a hankali."

Na ce shi nake so.
Aka buga gwaji, na karanta, na riƙe ciki don dariya:
"Maraba da baki."
Baƙi na gayyata, Baba,
ko da yake bakin ne zai ci tuwon.
Ashe mai ƙera harafin, can inda yake,
bai taɓa jin akwai ka mai ƙugiya ba.

Aka ɗauke wuta. Yaro ya ja janareta.
Baba ya gyara tabarau, ya yanko kan harafin fa,
ya ɗora wa ka, ya rage, ya goge, ya sake,
har la'asar ta wuce mu,
har lanƙwasar ta zauna kamar da ita aka haife shi.
Bai ƙara min ko naira ba.

Ran suna, a Idi-Araba,
Inna Tabawa, da ba ta san boko ba,
ta kai katin kusa da ido,
ta bi sunan Suwaiba da ɗan yatsa,
ta daɗe tana bi.
Ta ce, "Wannan rubutu yana da kunya."
Ta ninke shi, ta ƙulle a bakin zane.