Koren Motar Manu

A Jekadafari, bayan la'asar,
na shimfiɗa tsohuwar jarida a bakin zaure.
Gingimari ce, amma tafin hannuna ya ishe ta gareji,
roba fara sol, ko taya ban ɗaura mata ba tukuna.

Na wanke ta da sabulu kamar jaririyar da za a yi wa suna,
don maiƙon yatsa ba ya ga maciji da fenti.
Na bi ta da samfefa mai kaushin harshen kyanwa,
na ɗora ta kan tsinken tsire, na kafe a curin laka.

Gwangwanin feshi ya sha ruwan ɗumi,
na kaɗa shi, ƙwallon cikinsa na kuka kamar caki.
Malam Hammari na Tsohuwar Kasuwa ya ja mini kunne:
"Taƙi guda tsakaninka da ita.
Fara fesawa kafin ka iso ta,
kar ka saki sai ka wuce.
Wanda ya tsaya a kanta, hawaye za ta yi masa."

Toka-toka da fari. Na jira.
Sai kore, siriri, har ana hango tokar a ƙasa. Na jira.
Na ƙara. Na kife mata kwali saboda ƙuda,
na tafi magariba da warin tina a hannun riga.

Ranar kiliya ce ta kā da ni.
Hadari ya haɗo daga wajen Liji, iska ta yi nauyi,
na ce ai kafin ya sauko na gama.
Da safe na ɗaga kwali,
ga sheƙin ya yi fari kamar yanar idon tsoho.
Na goge. Na sake, wannan karon daga nesa don tsoro,
ta fito da ƙuraje irin na ɓawon lemo.
Na goge, ban gaya wa kowa ba.

A na uku rana ta buɗe.
Shafa biyu marasa nauyi, ta ƙarshe jiƙaƙƙiya,
sai ga fuskata a ƙofar da ba ta kai farcena ba.
Da gashi uku na buroshi na rubuta mata a goshi
abin da ke goshin ta Baba:
SANNU BA TA HANA ZUWA.

Na kai wa Dada a kan faifai.
Ta matso da ita kusa da fitila, ta juya, ta sake juyawa.
"Koren dai shi ne," in ji ta,
"amma wannan ba motar Manu ba ce.
Tasa ba ta taɓa ƙyalli haka ba.
Shekara goma sha tara tana jan auduga daga Kumo zuwa Bisije.
Nan," ta sa farce a bakin tagar direba,
"nan gwiwar hannunsa ta cinye fenti har ƙarfe ya leƙo.
Da wannan tabon nake gane ta tun daga kwana,
in sa yara su ɗora ruwan wanka."

Na dawo zaure ban ce uffan ba.
Kwana tara na yi ina neman wannan sheƙi.
Na yago samfefa daidai ƙwayar gero,
na naɗa a bakin ashana,
na shiga cin kiliya, na ci kore, har toka ta fito,
wuri ɗaya tak, inda hannu ke hutawa.

Yanzu tana kan akwatin Dada, kusa da kwalbar turare.
Jikoki na tambaya wa ya ɓata ta.
Sai ta ce, "Kakanku ne.
Ku bar taɓawa, bai daɗe da sauka ba."