Hanta da Jini

A Rigasa na fara ƙirga,
layi-layi, gida-gida, jakar sanyi a kafaɗa,
ƙanƙara na narkewa tun kafin hantsi ya dubi ludayi,
ina roƙon ɗigon jini
daga yatsun da ba su san ni ba.

"Me za ki yi da shi?" in ji Barira,
ciki wata takwas, tana tsince tsakuwa daga wake.
Na ce hanta zan duba.
Ta kwashe da dariya: "Hanta a ɗan yatsa?
Ku 'yan boko ba kwa rasa zance."

Ta dai miƙo. Na soka, na ɗiga a tsinken gwaji,
muka zauna jira, ni da ita da kajin gidan.
Layi ɗaya, lafiya.
Na biyun ya fito a hankali,
siriri, ja, kamar zaren da tela ya manta bai yanke ba.

A littafina ba Barira ba ce.
Ɗari biyu da sha bakwai ce:
mace, shekara ashirin da shida, haihuwa uku, duka a ɗaki.
Malamina na Zariya ba ya son sunan kowa,
kuma da gaskiyarsa, sirri amana ne.
Sai dai lamba ba ta taɓa ba ni ruwa a kwanon sha ba,
ba ta ce in gaida mutanen gida ba.

Wannan cuta ba ta sallama.
Gara ce a cikin azara,
rufi na tsaye, kowa na barci,
shekara ashirin, shekara talatin,
sai ran da ido ya koma ruwan ɗorawa.
A ce shawara ce. A ce sammu ne.
Haka muka ce a kan yayana Sabi'u,
muka dafa masa sassaƙe har tukunya ta gaji,
ya tafi da ciki kamar tulu, ya bar keken ɗinkinsa a buɗe.

Mukan ce wane da wane hanta da jini ne.
Ban san nauyin maganar ba
sai da na jera uwaye a gefe, 'ya'ya a gefe,
na ga ƙofar da rai ya shigo
ta nan baƙuwar ke bin sawunsa.

Allura ɗaya ce a cinya,
kafin rana ta zagayo inda ta same shi.
Amma jariri ba ya ƙetare zaure sai an yi suna,
ƙaramin asibiti kuma Talata yake allura,
haihuwa ba ta san Talata ba.
Duk bincikena a wannan ramin ya faɗa,
tsakanin kwana ɗaya da kwana bakwai.

Na rubuta lambar wayata da gawayi a bangon Barira.
Babu wannan a takardar ƙa'ida.

Daren wata Juma'a, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
muryar Iya Tasalla ungozoma:
"Mai jakar nan ce? To, an sauka. Mace."
Da asuba na buga wa Sista Rifkatu ƙofa a Kabala,
ta fito da makullin firiji, ɗankwali a karkace.
Mai keke ya ce taɓo ya fi ƙarfinsa,
muka cire takalma muka taka.

Jaririyar ta canyara ƙara, ƙara mai kyau,
Barira ta ce, "Kun fara mata da mugunta,"
tana murmushi, tana share ido da bakin zane.

Ranar kare kundi suka tambaye ni abin da na gano.
Na nuna jadawali, na nuna kaso cikin ɗari,
suka gyaɗa kai, wani ya gyara mini waƙafi.
Wayata na jaka, a kashe.
Da na fito na kunna, saƙo ɗaya, ba gaisuwa:
"Takwararki ta fara rarrafe."